Sukar mutane, gajiyar mai kiwo, da ƙadangaren da ba ya kuka

Wata baiwar Allah da na sani tana kiwon ƙadangare mai gemu, irin wanda asalinsa daga Ostareliya yake. Kwanakin baya ta lura muƙamuƙinsa na ƙasa ya yi laushi, kuma in ya yunƙura zai hau reshen da ke cikin kejinsa sai ƙafafunsa na baya su kama kyarma. Ta ɗauki hotonsa ta nuna wa waɗanda suka riga ta shiga harkar, tana neman shawara. Wani ya ce irinta ba su cancanci riƙe ko da sauro ba. Wata ta ce da gangan take azabtar da shi. Duk a cikinsu mutum ɗaya ne ya tambaye ta yaushe rabon da ta canza ƙwan fitilar da ke saman kejin.

A gida ma ba a bar ta ta huta ba. "Wa ya aike ki? Duk dabbobin duniya ki rasa abin kiwo sai ƙadangare?" Daga ranar ta daina tambayar kowa komai. In baƙi sun zo ma sai ta lulluɓe kejin da zane.

Zagin ya ɓata mini rai, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda tambaya ɗaya tak mai amfani ta nutse a cikinsa. Ƙadangare irin wannan yana buƙatar hasken da ake kira UVB don fatarsa ta samar da bitamin D3, wanda in babu shi jiki ba ya iya morar kalsiyam ɗin da ke cikin abinci. In abin ya daɗe, sai jikin ya koma tatsar kalsiyam daga ƙashi, ƙashin ya yi laushi. Shi kuwa ƙwan fitilar yana ci gaba da haske tar a idonmu alhali ƙarfin UVB ɗinsa ya ja baya, shi ya sa ake canza shi tsakanin wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinsa. Da an faɗa mata wannan cikin jimla uku, da an gama magana.

Ra'ayina shi ne, mai kiwon maciji ko kunkuru ko ƙadangare yana shan suka iri biyu. Akwai wadda ake yi a kansa shi, akwai wadda ake yi a kan dabbar. Ta farko ba dole ne ya amsa ta ba. Ta biyu kuwa wajibi ne ya tsaya ya auna ta, ko da an jefo masa ita cikin baƙar magana. Matsalar ita ce mutumin da ya gaji, ransa a jagule, ba ya iya rarrabe su. Ko dai ya haɗiye duka har ya tsani kansa, ko ya watsar da duka har da gyaran da dabbarsa ke buƙata.

Dabbar ba za ta ba da shaida ba

Kyanwa in ta ji yunwa za ta zo ta yi ta kewaya ƙafarka har sai ka tashi. Kare in an yaba masa zai kaɗa wutsiya, kowa ya ga cewa ana kula da shi. Mai kiwon dabba mai jan ciki bai da wannan gatan. Macijinsa ba ya tarbarsa a ƙofa, kunkurunsa ba ya kuka. A daji duk dabbar da ta nuna rauni ta zama abincin wata, don haka yawancin waɗannan dabbobi suna ɓoye ciwo har sai ya yi nisa.

Wannan yana nufin in aka ce masa "kana cutar da ita", babu wanda zai tashi ya kare shi, kuma shi kansa bai da tabbaci. Ya duba kejin, ya ga dabbar tana kwance yadda take kwance jiya. Lafiya ce ko ciwo? Nan ne zullumin yake, kuma wanda bai taɓa riƙe irin dabbar nan ba zai yi wuya ya gane nauyinsa.

Masu tsoro da masu ƙyama

Waɗannan su ne suka fi yawa, kuma su ne suka fi sauƙin sha'ani. Ba na cikin masu yi wa mai tsoron maciji dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin manyan cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba za ka ce masa "ai wannan ba shi da dafi" ka ɗauka magana ta ƙare ba.

Saboda haka mai kiwo ya daina ƙoƙarin mayar da kowa masoyin dabbarsa. Kada ya fito da ita gaban baƙo ba tare da izininsa ba, kada ya ɗora ta a kafaɗar wani don raha, kada ya yi yawo da ita cikin jama'a. Keji ya kasance mai makulli. In ya cika waɗannan, ya sauke haƙƙin mai tsoro. Sauran maganganun, cewa abin ƙazanta ne, ko lallai akwai wani abu a ƙasa, ko mai hankali ba zai yi haka ba, ba su ɗauke da wani bayani game da dabbar. "Na ji, na gode" ta wadatar. Na ga mutane suna ɓata dare guda suna ƙoƙarin gamsar da ɗan uwan da tun farko ba gamsuwa ya zo nema ba, washegari su tashi ba su da ƙarfin ko wanke kwanon ruwan dabbar.

Sai dai a cikin masu ƙyamar akwai mai gaskiya a bakinsa. In wani ya ce dabbobin nan suna ɗauke da cuta, bai yi ƙarya ba. Da yawansu suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, kuma tana kama mutum ta hannun da ba a wanke ba. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sayar da ƙananan kififiya da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba, saboda yawan yaran da suke kamuwa da cutar ta hanyarsu. Hukumomin lafiya a can suna ba da shawarar yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su nisanci taɓa irin waɗannan dabbobi. To idan uwar yaro ta ce ba ta son a wanke kejin kunkuru a inda ake wanke kwanuka, wannan ba tsangwama ba ce. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu cewa tun farko bai kamata a kiwata su ba

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba.

Suna cewa dabbobin daji ne, kuma cinikinsu ya yi ɓarna. Haka ne. Mesa ƙaramar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, an daɗe ana fitar da ita da yawa daga Togo da Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka. Yarjejeniyar CITES da aka sanya wa hannu a 1973 an yi ta ne don sa ido kan irin wannan ciniki tsakanin ƙasashe. Suna kuma nuna jihar Florida ta Amurka, inda mesar Burma da aka shigo da ita don kiwo ta bazu a dausayin Everglades. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobi masu shayarwa da ake yawan gani a wurin sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma a shekarar ce Amurka ta hana shigo da wannan mesa. Kififiya mai jan kunne ma, wadda ake saye tana ƙarama a yar da ita a tafki in ta girma, Tarayyar Turai ta hana shigo da ita tun 1997.

Suna ƙarawa da maganar shekaru. Mesa mai dunƙulewa tana iya kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. Babban kunkurun Sahel da ake saye yana cikin tafin hannu yana girma ya wuce kilo 40, kuma yana iya binne wanda ya saye shi. Mutane nawa ne suke tunanin wannan a ranar saye?

Duk na yarda. Inda na rabu da su shi ne wanda suke nufa da maganar, da lokacin da suke yin ta. Wannan hujja ce da ya kamata a gabatar wa mai shirin saye, da mai sayarwa, da mai yin doka. Wanda dabba ta riga ta shiga hannunsa, me ake so ya yi da ita? In ya sake ta a daji, ko ta mutu ko ta zama irin abin da ya faru a Florida. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe ta da kyau, ko ya miƙa ta ga wanda zai iya. Cika masa kunne da cewa shi mai laifi ne ba ya ƙara wa kejin ɗumi. Abin da mai kiwo zai ɗauka daga wannan suka a fili yake: kada ya sayi wadda aka kamo daga daji, kada ya sa su hayayyafa alhali bai san inda 'ya'yan za su je ba, kada ya ƙara wata kafin ya iya da wadda ke gabansa.

Sukar 'yan uwa masu kiwo

Ita ce ta fi ciwo, domin daga inda ake sa ran samun mafaka take fitowa. Kuma abin haushi, sau da yawa ita ce ta fi ƙunsar gaskiya.

Ilimin kiwon waɗannan dabbobi yana ta sauyawa. Kejin da a da ake cewa ya isa, yau ana ganin ya yi kaɗan. Dabbobin da a da ake cewa ba su buƙatar UVB saboda da dare suke fitowa, yanzu da yawan masu kiwo suna sa musu kaɗan. Dutsen lantarki mai zafi da aka daɗe ana sayarwa, an gano yana ƙona cikin dabba, domin tana iya kwanciya a kansa har fatarta ta ƙone ba ta tashi ba. Sabon shiga yakan sayi kayan da mai sayarwa ya ce masa su ne daidai, ya zo da murnarsa ya nuna, a rufe shi da zagi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa, in ka bincika, da irin wannan kejin ya fara.

Ga masu yin wannan suka, ina da tambaya. Me kuke so ya faru bayan kun gama? In dabbar kuke tausayi, to mutumin nan shi kaɗai ne ƙofar da za ku bi ku kai gare ta. In kuka kunyata shi ya daina tambaya, kun rufe ƙofar. Ba ku ƙwace dabbar daga hannunsa ba, kun dai tabbatar cewa ciwo na gaba ba wanda zai gani.

Wani zai ce ai lallashi ba ya aiki, sai an girgiza mutum yake farkawa. Akwai lokacin da ake buƙatar magana mai ƙarfi, ban musa ba. In dabba tana numfashi baki buɗe da majina a hanci, a ce masa kai tsaye: wannan na likitan dabbobi ne, yau, ba gobe ba. Amma dubi bambancin. "Wurin shan ɗumin ƙadangare mai gemu ya kamata ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Celsius, naka bai kai ba" magana ce mai ƙarfi, kuma tana da abin yi a cikinta. "Kai mugu ne" ba ta da abin yi.

Ga mai karɓar sukar kuma, shawarata ita ce ya mayar da kowace magana ta zama tambayar da ma'auni zai iya amsawa. An ce kejin ya yi sanyi? Ya sa ma'aunin zafi a gefen ɗumi da gefen sanyi ya gani. An ce dabbar ta rame? Ya ɗora ta a sikeli ya kwatanta da na watan jiya. An ce danshi bai isa ba? Ya dubi saɓar da ta yi, ta fita gaba ɗaya ko ta maƙale a wutsiya da ido? In maganar ba ta juyuwa zuwa irin wannan tambaya, to ba game da dabbar take ba, ya bar ta nan. In ta juyu kuma ma'auni ya gaskata mai sukar, ya gyara, ko da mutumin bai iya magana ba. Ba sai ya koma ya ba shi haƙuri ko ya yi masa godiya ba. In kuma masu kiwo biyu suka saɓa, likitan da ya san irin waɗannan dabbobi shi ne alƙali, duk da cewa samunsa ba kamar samun likitan kare da kyanwa ba ne.

In mai kiwon ne ba shi da lafiya

Damuwa tana fitowa ta fuska biyu a wannan harka, kuma dukansu dabbar ce ke biya.

Ta farko ita ce yawan shisshigi. Ɗauki mai mesa mai dunƙulewa. Wannan maciji ya shahara da ƙin cin abinci, babba mai lafiya yana iya yin watanni bai ci ba, musamman lokacin sanyi ko lokacin barbara. In zai yi saɓa ma idonsa yakan yi hazo-hazo, ya shige maɓoyarsa ya ƙi komai. Mai shi, wanda dama ransa ba a kwance yake ba, sai ya buɗe kejin da safe, ya buɗe da rana, ya ɗaga maɓoyar ya leƙa, ya ciro shi ya jujjuya, ya kawo masa ɓera yau, ya sake kawowa gobe. Macijin kuwa duk wannan a wurinsa farmaki ne, sai ya ƙara dunƙulewa ya cusa kansa a tsakiya. Ƙin cin ya ƙaru, tashin hankalin mai shi ya ƙaru. Maganin a nan mai wuya ne ga mai zullumi: ya tabbatar zafi da danshi sun daidaita, ya auna nauyi lokaci-lokaci, ya ja hannunsa. In nauyin yana zubewa sosai, sai likita.

Ta biyu ta fi haɗari domin ba ta da hayaniya. Mutum ya rasa aiki, ko an yi masa rasuwa, ko baƙin ciki ya danne shi har wanka ya zama aiki. Dabbar da ba ta kuka ita ce farkon abin da ake mantawa. Ruwa ya ƙafe, fitila ta mutu, sati ya wuce. Ranar da ya tuna sai kunya ta kama shi, kunyar kuma ta hana shi ko kallon kejin.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba rashin imani ba ne. A 2017 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kent State ta Amurka, Mary Beth Spitznagel, ta wallafa bincike kan masu jinyar karnuka da kyanwoyi masu doguwar rashin lafiya, ta gano suna fama da nauyin jinya da damuwa da alamun baƙin ciki fiye da masu dabbobi lafiyayyu. Mai jinyar ƙadangare yana ɗauke da irin wannan kaya, da ƙarin cewa in ya faɗa dariya za a yi masa. "Ƙadangare ne fa." In dabbar ta mutu ma ba mai yi masa jaje.

Ba zan ce maciji yana son mai shi yadda kare ke so ba. Amma dabbobin nan ba duwatsu ba ne. A Jami'ar Lincoln ta Ingila, Anna Wilkinson da abokan aikinta sun nuna a 2014 cewa ƙadangare mai gemu yana iya koyon buɗe ƙofar waya ta hanyar kallon wani ɗan uwansa yana buɗewa. Mutumin da ya shekara goma yana kallon halitta irin wannan kullum, ya san inda take son kwanciya, ya san yadda take karkata kai in ta ga motsi, yana da dalilin jin zafi in ta kwanta ciwo. Ba ya buƙatar izinin kowa.

Abin da nake ganin ya fi amfani shi ne a tsara kiwon tun ana cikin walwala, ta yadda zai tafi daidai a ranar da ba a da ƙarfi. Na'urar daidaita zafi a kan duk abin da ke ɗumama kejin. Agogon da ke kunna fitila ya kashe ta da kansa. A rubuta ranar da aka sa ƙwan UVB a jikin kejin da alƙalami, don kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Ɗan littafi a gefe, a riƙa rubuta ranar ci, da ranar saɓa, da nauyi. Littafin nan yana aiki biyu: yana nuna wa likita tarihin dabbar, kuma da tsakar dare in wasiwasi ya taso, mutum ya buɗe ya ga nauyin bai sauya ba ya koma barci. Sannan a sami mutum ɗaya, ɗaya kawai, wanda ba ya tsoron dabbar, a koya masa yadda ake canza ruwa da duba ma'auni, a ba shi damar tambaya "yaushe rabon da ka duba kejin?" ba tare da an ji haushinsa ba. Shi kuma mai kiwon, in abin da ke damunsa ya wuce gajiya, ya nemi likitan mutane. Kula da dabba yana iya ba mutum dalilin tashi da safe, amma ba ya maye gurbin magani.

Akwai kuma ranar da duk tsarin nan ba zai isa ba. Kunkurun ya girma ya fi ƙarfin ɗakin, ko an haifi jariri a gidan, ko ciwon mai kiwon ya daɗe. Da yawa suna jinkirta miƙa dabbar saboda tsoron a ce "dama mun faɗa". Za a faɗa ɗin, masu ƙyama su faɗa, 'yan uwa masu kiwo ma su faɗa. Wannan suka ce irin ta farko, a kan mutum take, ba ta da alaƙa da abin da ya fi dacewa da dabbar. Ya nemi gogaggen mai kiwo ko wata cibiyar karɓar dabbobi tun dabbar tana da lafiya, ya je ya ga inda za ta zauna da idonsa. Ya haɗa musu da littafin, ya kuma faɗa musu gaskiyar watannin da aka yi sakaci, domin sabon mai riƙon yana buƙatar sanin ko ta daɗe ba ta sami UVB ba kafin ya yanke shawarar abin da zai fara yi mata.